Damin da Ba a Saukewa Sai Bazara

Duk wanda ya bi ta layinmu a unguwar Dogo Tebo tsakanin ƙarshen kaka da tsakiyar bazara, zai ga wani gida wanda harawar da ke cikinsa ta fi ɗakunansa tsawo. Gidan Ya Gana ke nan. Shekara ashirin da shida katanga ɗaya ce tsakanina da ita, kuma ni na koyar da 'ya'yanta biyu a firamare kafin in ajiye aiki. Saboda haka abin da zan faɗa a kanta ba a bakin kasuwa na tsinto shi ba.

Asalin iyayenta Borno. Ta zo Potiskum ne tare da mijinta, Kaumi, wanda yake lodin shanu a manyan motoci a Kasuwar Shanu. Hausarta har yau ta Barebari ce, takan ce wa mace "ya zo" ba tare da ta damu ba. Na daidaita mata maganarta a wannan rubutu, amma ban taɓa ma'anarta ba. Kaumi ya rasu Zulkifli yana da shekara biyar, Halimatus Sa'adiyya kuwa, wadda muke kira Sadiya, tana goye. Abin da ya bari shi ne ɗaki biyu da fili a bayansu, sai wani tsani na itace da ya haɗa da hannunsa.

Ba ta da jari, saboda haka ta fara da abin da ba a sayarwa. A wancan zamani idan manoman ƙauyen Danchuwa suka gama sussukar wake, ɓawon a nan suke barinsa, awaki su ci, iska ta kwashe saura. Ya Gana takan tafi da ƙafa, ta roƙi izini, ta cika buhu, ta ɗoro a ka. Ba ta kai shi kasuwa a lokacin, domin a lokacin kowa yana da shi. Sai ta jira har ciyawa ta ƙare a daji, shanu su fara nuna haƙarƙari, masu turke raguna su fara yawo suna tambaya gida-gida. A nan take buɗe buhunanta. Daga ɓawon wake ta koma harawa, tana sayen dami da arha a bakin gona, tana jibgewa a kan wata doguwar rumfa da ta sa aka kafa mata a bayan ɗaki. Ba ta taɓa mallakar saniya ko ɗaya ba, amma shanu da yawa sun kai damina da rai saboda ita.

Wahalar wannan sana'a ba a ɗauka take ba, a jira take. Wata biyar ko shida mutum yana kallon dukiyarsa a saman kansa, yana tsoron gara, yana tsoron gobara, yana tsoron ruwan bazata, alhali tukunyarsa ba ta ga nama ba. Na sha jin ta ta katanga tana fifita wuta da miyar kuka zalla, harawar da za ta sayi bijimi tana yi mata inuwa.

Abin da ya sa na ga ya dace a rubuta labarinta shi ne yadda ta koya wa 'ya'yanta wannan jira. Ba ta yi musu wa'azi ba. Duk yaron da ya cika shekara bakwai, idan kaka ta yi, sai ta ba shi dami guda, nasa na kansa. Ta yaga ƙyalle daga tsohon zane ta ɗaura a igiyar damin, domin a gane shi. Na Zulkifli shuɗi ne, na Sadiya rawaya. Yaron da kansa zai hau tsani ya ajiye, kuma sharaɗin ɗaya ne: ba a saukewa sai bazara. In bazara ta yi, shi zai kai kasuwa ranar Laraba, shi zai yi ciniki, ita tana gefe ba ta cewa uffan. Abin da ya samu, a cire masa na ƙosai, saura a ɗaure a ajiye, idan kaka ta zagayo ya sayi dami biyu ko uku.

Akwai wasu ƙananan ɗabi'u da ta haɗa da wannan. In yaro ya ce mata, "Iya, ba mu da kaza," sai ta ce, "To, me muke da shi?" kuma ba za ta bar shi ba sai ya ambata. In sun je kasuwa, takan tsayar da su a gindin bishiya su yi kallo tukuna, su gane wanda ya zo saye da gaske da wanda ya zo jin farashi. Amma duk waɗannan rassa ne. Gindin shi ne damin nan da ke kan rumfa, wanda yaro zai tashi da safe ya gani, ya tafi makaranta ya dawo ya gani, mai alewa ya wuce ta ƙofar gida yana kaɗa ƙararrawa, shi kuwa ya haɗiye yawu.

Zulkifli ya karɓi abin kamar an halicce shi da shi. A ajina ma haka yake, fensir ɗaya yakan kai shi ƙarshen zango. Sadiya ce ta taɓa karya doka. Tana da shekara tara, takalminta ya tsinke a tsakiyar sanyi, ƙafarta ta yi kaushi har tana jini. Ta faki idon uwarta, ta sauke dami ɗaya daga cikin ukunta, ta sayar wa wani mai akuya a layin baya, ta sayo takalmin roba. Ya Gana ba ta dake ta ba. Abin da ta yi ya fi duka daɗewa a jiki. Da bazara ta yi, ta sa Sadiya ta tsaya ta ga nawa Zulkifli ya sayar da irin damin da ita ta rabu da shi da arha, sannan ta ce mata, "Dubi ƙafarki. Dami biyu da rabi kike takawa." Maganar ta bi yarinyar har gidan miji. In ana raha a gidan, Zulkifli yakan ce da ita "mai takalmin dami biyu da rabi," ita kuma ta ce da shi "wanda zai mutu da yunwa a kan buhun gero."

Ba zan ce tarbiyyar ba ta yi amfani ba. Shekarun da gari ya shiga tashin hankali, kasuwa ta yi sanyi, gidaje da yawa a layinmu sun sayar da katifa da tukwane. Gidan Ya Gana bai sayar da ko cokali ba. Zulkifli ya girma ya kafa tasa rumfar kusa da ta uwarsa, ya yi aure, ya ƙara ɗaki biyu, bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Sadiya ta auri wani manomi a Danchuwa, tana kiwon awaki, kuma ita ce take gaya wa uwarta gonar da harawarta ta bushe a inuwa ta riƙe korenta, da wadda rana ta cinye. Ni kaina, da na karɓi kuɗin sallama daga aiki na ga sun narke cikin shekara biyu, na sha zama ina tunanin da an ba ni dami ina ɗan shekara bakwai.

Bara waccan, bayan an gama jibge harawa, Ya Gana ta fara kukan ciwon kai. Ta ce in ta dubi ƙwan lantarki sai ta ga zobe ya kewaye shi. Sau biyu ta yi karo da turmi a tsakar gidanta, turmin da ya fi shekara goma a wuri ɗaya. Sadiya ta sayar da akuya ɗaya, ta kai ta wani asibitin ido a wani gari, suka dawo da maganin ɗigawa da takarda. Takardar da Turanci aka rubuta ta, shi ya sa aka aiko a kira ni bayan La'asar.

Na same su a gindin rumfa. Na karanta a zuciyata sau biyu kafin in fassara, domin ban so in ƙara ko in rage. Na ce likita ya rubuta cewa hawan jinin ido ne, ya yi nisa a na hagu, ya fara taɓa na dama. Maganin ɗigawa ba zai riƙe shi ba, sai an yi aiki, kuma kada a wuce mako huɗu. Akwai layi na ƙarshe da ya ja wa layi a ƙasa, na karanta musu shi a hankali: abin da ciwon ya cinye na gani, ba ya dawowa.

Ya Gana ta ce, "Malam, a wane wata muke?"

Na ce, "Disamba."

"To. Bana Babbar Sallah a ƙarshen bazara za ta faɗo. Duk mai rago sai ya nemi harawa, ko zai sayar da hularsa. Ka gaya wa takardar ta jira Afrilu."

Sadiya ta ce, "Iya, takarda ba ta jin Hausa. Mako huɗu aka ce."

"Ita takardar ce za ta biya? Duk abin da na mallaka ga shi nan a sama. Jiya-jiya na saye shi. In na sauke yanzu, ko kuɗin amalanken da ya ɗauko shi ba zan fitar ba."

"Ai ba duka za a sauke ba. Rabi ya isa aikin da kuɗin mota."

"Rabi! Kin ji ta, Zulkifli? Rabi, kamar tana maganar ƙosai."

Zulkifli yana zaune a kan matakin farko na tsanin mahaifinsa, yana murza wani ganyen harawa a tafin hannu. Shi ma duk abin da yake da shi yana kan tasa rumfar. Ya ce, "Likitoci sukan tsorata mutum ne don ya yi sauri. A ci gaba da ɗiga maganin. Wata huɗu ba shekara huɗu ba ne."

Sadiya ta juyo gare shi. "Yaya, idon Iya ne fa, ba rufin ɗaki ba, da za a ce a tara kwano kafin a samu kuɗi."

Ya yi murmushin da ya saba. "Mai takalmi ta fara."

"E, na fara. Kuma ƙafar da na saya wa takalmin ga ta nan, da ita na kai Iya asibiti."

Ba wanda ya yi dariya. Na ce musu, a matsayina na maƙwabci, ni da za a bi shawarata da an bi ta likita. Ya Gana ta gode mini da ladabi, ta sa aka kawo mini ruwa, na gane an sallame ni. Ina fita na ji ta tana cewa, "Shekara talatin ban sauke dami a watan sanyi ba. Ba don ɗan jiri zan fara ba."

Mako huɗun suka wuce, wasu huɗu suka bi bayansu. Sadiya ta sake sayar da akuya don maganin ɗigawa. Takan zo daga Danchuwa duk Juma'a, ta yi magana, a yi mata shiru, ta koma. Daga baya ta daina maganar, sai dai ta zo ta share tsakar gida, ta kawar da turmi da bokiti daga hanya. Ya Gana ta koyi juya kanta gaba ɗaya in za ta dubi mai magana ta hagunta, kuma ta zaci ba mu lura ba.

A wannan shekarar ce Fiddausi, 'yar farin Zulkifli, ta cika bakwai, kuma ta karɓi daminta na farko da jan ƙyalle. Ya Gana da kanta ta ɗaura shi a gaban rumfa, inda yarinyar za ta riƙa gani. Su biyun suna da wasa. Kullum da safe kafin ta tafi makaranta sai Fiddausi ta ce, "Tsohuwa, ina dukiyata?" kakar ta nuna mata da sanda ta ce, "Ga ta can, ƙawata, ba ta gudu ba."

Wata safiya a farkon Fabrairu ina shara a ƙofar gida na ji an yi tambayar. Sai na ji yarinyar ta fashe da dariya.

"Tsohuwa, wannan ai tsani ne! Ga nawa can, gefen nan. Ba ki ga ja ba?"

Sannan na ji Ya Gana ta ce, "Ja ne har yanzu?"

"Ja wur. Ke dai kin tsufa."

"Je ki makaranta. Ki ce wa babanki ina kira kafin ya fita."

Ƙofar gidan a buɗe take, kuma ba su rage murya ba. Da Zulkifli ya zo ya durƙusa, ta ce masa, "Ka nemo amalanke. Ranar Laraba za a sauke rabin tawa."

Ya ce, "Iya, saura wata biyu."

"Na san lissafin wata."

"Har an fara zuwa tambaya. Jiya Ayuba mai turke ya tsayar da ni. In muka ƙara haƙuri kaɗan..."

"Na ce ka sauke."

"Ke kika ce mana wanda ya sauke a sanyi ya yi wa wani noma. Ke kika ce yunwa ba dalili ba ce, Sallah ba dalili ba ce, ciwon ƙafa ba dalili ba ne."

"Na faɗa. Yanzu kuma ni nake cewa ka sauke. Ban ga ƙyallen yarinyar nan ba, Zulkifli. Da hannuna na ɗaura shi, na san inda yake, na duba ban gan shi ba."

Zulkifli ba mugun ɗa ba ne, kada mai karatu ya ɗauke shi haka. Shi yake sayo mata goro, shi yake kai ta gaisuwa a keke napep. Ya ce, "Wallahi Iya, in na kama tsanin nan a wannan wata, ji nake kamar sata zan yi."

Ranar Laraba amalanke ya zo, Zulkifli ne ya nemo shi, amma ya tsaya a ƙasa. Sadiya ce ta ɗaure zanenta ta hau tsani, tana miƙo dami yana karɓa yana lodawa, bai ɗaga kai ba. Na bi su kasuwa domin in taya su tsaro. Masu turke suka kewaye mu suna mamaki. Ayuba ya ce, "Harawar Ya Gana a Fabrairu? Jama'a, ku duba gabas, ko rana ta sauya hanya." Sadiya ta ce, "Ka saya ko ka matsa, Malam Ayuba, ragonka ba da labari yake ƙiba ba." Kafin Azahar an kwashe, a farashin da bai kai rabin na bazara ba.

An yi aikin a makon da ya biyo. An ceto idon dama, ko da yake ganinsa ya ƙuntata, kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Na hagu ya riga ya tafi. Sadiya ta tambayi likitan ko da an zo a Disamba da an same shi. Ya ce ba zai rantse ba, amma da akwai abin da za a tarar. Ba ta gaya wa uwarta wannan amsa ba. Ni ta gaya wa, a zaure, tana gyara goyonta, da muryar wadda ta gaji da samun gaskiya.

Bazara ta zo kamar yadda Ya Gana ta hango. Harawa ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba, ragowar rabin nata da na Zulkifli suka tafi cikin Laraba uku. Fiddausi ta sayar da daminta mai jan ƙyalle, kakarta tana gefe da baƙin tabarau, ba ta ce uffan ba. A hanyar dawowa Zulkifli ya fara cewa, "Da wancan rabin ma yana nan..." sai ya dubi fuskar uwarsa ya haɗiye sauran. Na lura har yau yakan fara wannan magana ya katse ta a tsakiya.

Yanzu Ya Gana ba ta zuwa gona sayen harawa, domin ba ta iya bambance kore da fari daga nesa. Sadiya take saya mata, ita kuwa ta shinshina, ta murza a hannu, ta ce an cuce su ko ba a cuce su ba. Ta rage magana, tafiyarta ma ta ragu, daga ɗaki sai gindin rumfa.

Da kakar bara ta yi, kuɗin Fiddausi ya saya mata dami biyu. Yarinyar ta kama tsani za ta hau da su duka, sai kakar ta riƙe ɗaya. Ta sa aka ajiye shi a kan wani benci a ƙarƙashin rumfa, inda ko yaro zai iya ɗauka ba tare da tsani ba.

"Na sama sai bazara," in ji ta. "Wannan kuwa, ranar da wani ya kwanta ciwo a gidan nan, ki ɗauka ki kai kasuwa. Kada ki tambayi babanki. Kada ki tambaye ni ma, don zan ce miki a'a."

Fiddausi ta ce, "In takalmina ya tsinke fa?"

Sadiya, da ke tankaɗe a gefe, ta tsayar da rariya tana jiran amsa.

"In ƙafar ta yi jini," in ji Ya Gana.

Zulkifli ya ce wannan ɓata yarinya ne, dami a ƙasa gara za ta ci, kuma yaron da ya san akwai na ɗauka ba zai koyi jira ba. Wataƙila yana da gaskiya a wani ɓangare, ni ban sani ba. Uwarsa ba ta yi gardama da shi ba. Ta ce masa kawai ya sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun bencin saboda gara, sannan ta lalubi bango ta shiga ɗaki ta kwanta. Ya tsaya yana duban damin kamar zai mayar da shi sama. Daga baya na ga ya fita, ya dawo da bulo huɗu.